Motar Baba Amerika

Tirelar albasa ce ta sauke ni a Akinyele da hantsi, ana wani yayyafi irin na Kudu, wanda ba ya ɗaukewa kuma ba ya zama ruwan kirki. Ƙafafuna sun kumbura saboda zama a kan buhuna, rigata ta sha warin albasa har ni kaina ba na son jin kaina. Kafin in gama miƙe baya, direban ya ce duk wanda ya hau motarsa sai ya taya sauke kaya, haka tsarin yake. Na ce ai mun biya kuɗin mota tun daga gida. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To koma gidan ka kai ƙara." Jakata tana gaban motar a kulle. Haka muka yi ta sauke masa albasa har la'asar, ko sannu bai ce mana ba. Aikina na farko ke nan a Ibadan, wadda mutanenmu suke ce wa Badun.

Sunana Haladu, daga wani ƙauye a gefen Ɓaɓura. Damina ce ta yi mana gardama, geron da muka samu bai isa ya kai mu ko'ina ba, na bar matata Hinde da yara a hannun mahaifiyata na taho cirani. Abin da na riƙo daga gida suna ne guda ɗaya: Kawu Idi, mutumin wajen Zango, wanda aka ce ya daɗe yana dako a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan. Ba danginmu ba ne. Wani maƙwabcinmu ne ya taɓa zama da shi.

Ban wuce zuwa Sabo nan take ba. Na ɗan zauna a kasuwar Akinyele ina ɗaukar doya da kwandunan tumatir, ina kwana a ƙarƙashin rumfa tare da wasu da ban taɓa sanin sunansu na gaskiya ba. Can na koyi cewa sunana ya koma Aboki. Can kuma aka sace mini bargo ina sallar asuba, ranar na zauna a kan dutse na yi ta kallon inda bargon yake kamar zai tsiro. Wata mata mai sayar da dafaffiyar masara ta lura da ni, ta miƙo mini guda ɗaya ta ce wani abu da Yarabanci. Ban ji ba, amma na ci.

Da na gaji da sauro da kwanan rumfa, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Sabo. Shiga unguwar sai na ji kamar an cire mini ƙaya daga maƙogwaro. Ga kiran salla, ga ƙamshin tsire, ga mutane suna ciniki da harshen da uwata ta haife ni da shi, ko da yake yaransu in sun fara magana sai Hausar ta zame ta koma Yarabanci ta dawo ba su ma sani ba. Na tambayi Kawu Idi a bakin masallaci, aka nuna mini wani dattijo yana wanke ƙafa.

Gajere ne, baƙi, wuyansa ya nutse cikin kafaɗu saboda ɗaukar kaya, tsakiyar kansa babu gashi ko ɗaya inda gammo yake zama. Na gaishe shi na faɗi wanda ya turo ni.

"Ashe mutumin nan bai mutu ba?" ya ce. "To sannu da zuwa Badun. Ka ci abinci?"

"Na ci, Kawu."

"Ƙarya kake. Taho."

Ya kai ni gidan Malam Sani, wani mai sayar da goro da ya bar wa 'yan dako zaurensa suna kwana. Matar gidan, Gwaggo Asabe, haifaffiyar Sabo ce, tana tuwon sayarwa daga cikin gida. Ba mu cika ganinta ba, muryarta dai muke ji ta bayan labule, sai kwano ya fito. Ranar ta zuba mini tuwon masara da miyar kuka, da na kai loma ta farko sai da na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Kawu ne ya koya mini garin. Ibadan ba ta da wuri a miƙe. In ba hawa kake ba to gangara kake, kuma ga mai kaya a ka duka biyun azaba ne. Ya koya mini yadda ake sauka gangara da amalanke, a jingina baya a bar dugadugai su yi birki. Ya koya mini kada in taɓa ɗaukar kaya ban taɓa shi da hannuna ba, kome mai shi ya rantse ba nauyi. Yawanci a Mokola muke aiki, wajen masu kayan gyaran mota da bakanikai, muna jigilar tsofaffin injina da giyoyin mota da tayoyi. Da yamma mu dawo Sabo jiki duk baƙin mai, mu yi wanka da ruwan bokiti, mu zube a zaure. Ranar Juma'a nakan kira gida. Ƙaramar 'yata da na bari tana rarrafe, aka sa mata waya a kunne na yi ta kiran sunanta, sai ta fashe da kuka. Hinde ta ce, "Kada ka damu, baƙuwar murya ce ta ji." Ita lallashi take nufi. Ni kuwa kalmar ta kwana a ƙirjina.

Ruwan Kudu yana riga namu sauka. A farkonsa ne Tanimu ya zo mana da aikin. Tanimu dillali ne ɗan Sabo, mai fara'a, kullum da farar shadda da waya biyu a hannu, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa. Ya same mu muna shan shayi da safe.

"Kawu Idi, yau kun tashi da sa'a. Wata 'yar mota ce za ku turo daga cikin lungu zuwa bakin titi, janwe yana jira ya ja ta zuwa gareji. Kafin azahar kun gama."

"Wace irin mota?"

"'Yar ƙarama ce, ƙofa biyu ma gare ta. Motar wasa ce ta samari irin ta da."

"In 'yar ƙarama ce me ya hana 'yan unguwar su tura?"

Tanimu ya yi dariya. "Kawu ke nan! Arziki yana kiranka kana tambayar sunan ubansa."

Mu biyar ya ɗauka har da Kawu. Daga baya muka ji mai motar ya ce a kawo mutum goma, ya kuma ba da ladan mutum goma.

Gidan yana can bayan Mokola, a ƙasan wani kwari. Tsohon gida ne mai bene, da alama lokacin da aka gina shi fili ne a gabansa, amma yanzu gine-gine sun matse hanyar ta koma lungu, ta miƙe sama kamar tsani, kwata a gefe ɗaya katanga a ɗaya gefen. Janwe ba zai iya shiga ba, sarƙarsa kuma ba ta kai ko rabi. A tsakar gidan, ƙarƙashin wata rumfar kwano, aka yaye tamfol muka ga motar.

Gaskiyar Tanimu ɗaya ce: ƙofa biyu gare ta. Amma doguwa ce, mai faɗi, ta kwanta ƙasa kamar kada. Bonet ɗinta kaɗai mutum zai iya shimfiɗa tabarma ya miƙe a kai. Da ja ce, yanzu ƙura da tsatsa sun cinye jan, kaji sun mayar da ƙarƙashinta akurki. Tayoyin baya masu faɗi ne, an kira mai faci ya ba su iska da safen. Kawu ya zagaya ta a hankali, ya ƙwanƙwasa jikinta da bayan yatsa. Motocin yanzu in ka ƙwanƙwasa sai su amsa kamar gwangwanin madara. Wannan ba ta amsa ba. Ya sa kafaɗa a bayanta ya ɗan gwada, ko motsi ba ta yi ba.

"Tanimu," ya ce, "wannan ba mota ba ce. Kan jirgin ƙasa ne aka sa wa taya."

Bakanikin da zai gyara ta ya ɗaga bonet ya nuna mana injin, ƙaton ƙarfen zubi da ya cika ramin ba wurin sa hannu. Ya ce da turancin kasuwa irin waɗannan motocin don gudu aka yi su, ba a san tausayin mai ko na ƙarfe ba a lokacin. Ya kuma ce birki babu, ya daɗe da mutuwa.

Ana haka mai motar ya fito. Tsoho ne siriri, fari fat a ka, yana dogara sanda, ya sa kaya masu tsabta kamar mai zuwa ɗaurin aure. 'Yan unguwar suna ce masa Baba Amerika, don can ya yi karatu yana saurayi, daga can kuma ya taho da motar. Ya ɗaga mana hannu ya ce, "Sannu da aiki," da irin Hausar da aka koya aka manta. Sannan ya buɗe ƙofa ya shiga ya kama sitiyari. Bakanike ya roƙe shi ya fito, ya ƙi. Tanimu ya fassara mana: wai tun da ya saye ta babu wanda ya taɓa tuƙa ta sai shi, yau ma ba za a fara ba.

Kawu ya ja ni gefe. "Ni dai raina bai kwanta ba. Amma mun zo, in muka juya gobe ba mai kiranmu." Ya nemo wani guntun katako mai kauri. "Ni zan riƙe waigi. Duk sanda kuka tsaya in tokare tayar baya. Ban yarda da hannun kowa ba a nan."

Fitar da ita daga tsakar gida kaɗai sai da gumi ya jiƙa mu sharkaf. Tayoyin sun daɗe a wuri ɗaya, suna juyawa suna kuka. Da muka kama hawan lungun kuwa, nan na san na tura motoci a baya amma ban taɓa tura mota ba. Kowane taku sai ka ji nauyinta ya bi ta tafin hannunka ya sauka a ƙugu. Mu ce "Ya Allah!" mu ɗan gusa, Kawu ya cusa katako, mu kwanta a jikinta muna haki. Mata suka fito ƙofar gida suna kallo. Tsohon a ciki yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, fuskarsa a sake, yana kallon gaba kamar wanda yake kan babban titi. Tanimu yana daga sama inda inuwa take yana cewa, "Oya, oya, saura kaɗan!"

Mun ci fiye da rabi aka fara yayyafi. Wajen ƙarshen lungun hawan ya fi tsanani, kuma an yi masa daɓen siminti wanda gansakuka ta kama. Na ce a dakata ruwan ya ɗauke. Tanimu ya ce mai janwe yana barazanar tafiya. Muka sake sa kafaɗa.

Wanda yake gefena ne ya fara zamewa. Ya faɗi da gwiwa, na kusa da shi ya yi tuntuɓe da shi, sai kawai na ji motar ta daina zama abin da muke turawa ta koma abin da yake tura mu. Ta taho baya a hankali, ba gaggawa, mu kuma ƙafafunmu suna ja a kan siminti kamar na akuya a kan santsi. A ƙasanmu akwai wata mata da take suyar ƙosai a bakin ƙofarta, da goyo a bayanta, kaskon mai yana tafasa a gabanta. Na ji ihu ta ko'ina. Kawu ya jefa katakon ƙarƙashin taya, katakon ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti. Ya sake tura shi, ya sake zamewa. Sai ya sa ƙafarsa ta dama ya danne shi ta baya.

Tayar ta hau katakon, ta sauka a kan ƙaurinsa, ta tsaya.

Na ji ƙarar, irin ta busasshen kara in an taka shi. Kawu bai yi ihu ba. Ya zauna daɓas cikin ruwan, ya ce, "Innalillahi. Haladu, ku ɗaga." Muka kama gefen motar mu huɗu muka yunƙura, wallahi kamar muna ɗaga gini. Sai ga mutane sun ɓarko: masu acaɓa daga bakin titi, wani tela da almakashi a wuya, bakanike, mai ƙosan nan da goyonta, kowa ya sa hannu inda ya samu. Aka yi kirari ɗaya da harshen da ban sani ba, aka ɗaga, wani ya janye Kawu. A wannan yunƙurin na ji wani abu ya tsinke a bayana, har yau in ana sanyi yana gaishe ni.

Taron nan da ya haɗu, cikin ɗan lokaci suka ingiza motar ta haye bakin titi, kamar ba ita ba. Tsohon ya fito, sandarsa ta faɗi bai ɗauka ba, yana ta yi wa Kawu sannu da Yarabanci, "E pele, e pele," hawaye yana bin fuskarsa. Tanimu ya ce bari ya je ya samo keke. Tela ne ya samo keken. Tanimu ba mu sake ganinsa ba sai bayan watanni, ya ce wai tafiya ce ta kama shi zuwa Legas.

A asibiti aka ɗauki hoto aka ce ƙashin ya karye gida biyu, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Kawu ya girgiza kai. "Ƙarfe ne ya karya ni, ba zan kwana da shi a jiki ba. Ku kai ni Sabo." Muka dawo da shi, Malam Sani ya kira maɗorin unguwa. Ranar ɗorin ni na riƙe kafaɗunsa. Mutumin da taya ta hau bai yi ihu ba, ranar ya kira sunan mahaifiyarsa.

Daga nan rayuwa ta koma wani iri. Ɗan dako jarinsa ƙafarsa. In ta kwanta, komai ya kwanta. Kawu ba shi da kowa a Sabo. Matarsa ta rasu tuntuni, 'ya'yansa mata suna gidajen aure a Arewa. Ni nake ɗaukarsa in kai shi ban ɗaki, in yi masa alwala, in juya shi, sannan in fita aiki da bayan da ba ya son in sunkuya. Lokacin shuka ya zo a gida, ƙanena ya kira ya ce an yi ruwa. Na dubi Kawu yana barci bakinsa a buɗe, ƙafar a ɗaure da karare, na ce wa ƙanen nawa ya shuka abin da zai iya.

Gwaggo Asabe ce ta riƙe mu. Safe da yamma kwano yana fitowa ta bayan labule, wani lokaci da romon ƙashi a ciki. Na taɓa cewa, "Gwaggo, abin ya yi yawa." Ta ce, "Kai dai ba shi ya sha tun da zafi. Shekara nawa yana ɗaukar mini buhun masara, ka taɓa jin ya ce ya yi yawa?"

Wata ranar Lahadi da la'asar keke ya tsaya a ƙofar gidan, sai ga Baba Amerika yana saukowa da ƙyar, mai keken yana biye da shi da doya da burodi da lemo. Ya cire takalmi a bakin zaure. Aka kawo masa kujera ya ƙi, ya dafa bango ya sauka a kan tabarma kusa da Kawu, gwiwoyinsa suna ƙara. Malam Sani ba ya nan, don haka Gwaggo Asabe ce ta tsaya bayan labule tana yi musu tafinta.

Tsohon ya daɗe yana magana, tana juyawa kaɗan-kaɗan.

"Ya ce shi ma ya yi dako. Wai can Amurka da rana yana makaranta, da ya tashi sai ya tafi wani ɗakin sanyi inda ake ajiye nama, yana ɗaukar cinyar shanu a kafaɗa. Ya ce hannuwansa har tsagewa suke suna jini. Ya ce su ma akwai sunan da suke kiransa da shi, ba nasa ba."

Kawu ya gyaɗa kai. "Ko'ina akwai Aboki ashe."

"Ya ce motar nan ba don yana buƙatarta ya saya ba. Wai ya gaji da tafiya a titi ba mai ganinsa. Ranar da ya tayar da ita, duk layin sai da suka leƙo. Ya ce a cikinta ya ɗauko amaryarsa, ita kuma ta rasu. So yake ya ji ƙarar injin sau ɗaya kafin ya bi ta. Ya ce son ransa ne ya karya ka, ka yafe masa."

Kawu ya kalli rufin zaure. Can ya ce, "Asabe, gaya masa ba shi ya taka ni ba. Abin da aka rubuta ne. Kuma da ta wuce ni, mai goyon nan za ta samu. Gara ƙafar tsoho." Ya ɗan numfasa. "Tambaye shi, ta tashi kuwa?"

Gwaggo ta tambaya. Tsohon ya girgiza kai. Bakanike ya ce kayanta babu su a ƙasar nan, injin ma ya kafe.

"Kai!" in ji Kawu. "Duk wannan wahalar ko tari ba ta yi ba?"

Da aka fassara masa, tsohon ya fara dariya, Kawu ma ya kama, su biyu suna dariya suna share ido, har maƙwabta suka leƙo. Tsohon ne ya ɗauki nauyin maɗori da magani har ƙarshe, kuma ya sake zuwa sau da yawa. Ba sa jin harshen juna, in Gwaggo tana aiki sai su zauna kawai, wannan yana jan carbi wancan yana ɓare lemo. Daga baya ya daina zuwa. Muka ji 'ya'yansa sun zo sun tafi da shi, jikin ya ƙi.

Ƙafar ta haɗe, amma a karkace, ta kuma fi ɗayar gajarta. Ranar da Kawu ya fara takawa da sanda ya ce in ɗora masa rabin buhun masara ya gwada. Na ƙi, ya matsa, na ɗora. Bai kai ƙofar zaure ba ya ce in sauke. Ya koma ya zauna. Da magariba ya ce, "Haladu, nemo mini motar Arewa."

Abin da ya tara a Badun tsawon zamansa jaka ɗaya ya cika, ita ma ba ta cika sosai ba. Na raka shi Akinyele, muka sami tirelar da ta sauke shanu za ta koma. Direban, wani Bazazzagi mai furfura, ya dubi sandar ya dubi ƙafar, ya ce wa yaron motarsa ya koma baya, Kawu ya zauna a gaba. Na ɗaga shi na sa a kujera. Ba shi da nauyi ko kaɗan, mutumin da na sha gani da injin mota a ka. Ya riƙe hannuna ta taga ya ce, "Allah ya ba ka mai yi maka." Na tsaya har motar ta ɓace, sannan na tako da ƙafa wani dogon wuri kafin in tuna akwai keke.

Motar kuwa ta ci gaba da zama a bakin garejin Mokola, ruwa ya dake ta rana ta dake ta. Kullum in na wuce da amalanke sai na kau da kai. Da rani ya yi nisa labari ya zo Baba Amerika ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da ita ga 'yan gwangwan. Cikin waɗanda aka kira kwasar ƙarfen har da ni. Na so in ƙi, amma ranar ban sami aiki ba tun safe.

Mai yanka ya zo da wutarsa ya fara da rufin. Kafin la'asar ta zama tarin gunduwa-gunduwa. Ƙofa ɗaya sai da muka kama mu biyu. Injin kuwa sai da aka ɗaure shi da sarƙa a jikin ƙaton bututu, muka jeru gaba da baya muka saɓa a kafaɗa, muna tafiya muna tangaɗi kamar masu ɗaukar gawa. Ana ɗora kowane yanki a kan sikeli, mai saye yana haɗawa a bakinsa. Na tsaya har aka gama don in ji.

Bayan sallar magariba na zauna a dakalin masallaci na kira lambar surukin Kawu, aka kai masa wayar. Ina jin kukan awaki da sautin daka daga can, har ƙamshin hayaƙin kara sai da na ji kamar yana shigowa hancina.

"Haladu! Ya Badun? Ya Malam Sani, ya Asabe?"

"Duk lafiya, Kawu. Ya ƙafa?"

"Tana nan, tana gaya mini in za a yi hadari. Igiya nake tufka yanzu a ƙofar gida."

Na gaya masa tsohon ya rasu. Ya ce, "Allah sarki. Mutumin kirki ne." Na gaya masa an yanka motar yau, da ni aka kwashe, har an auna ta.

"An auna? Nawa ta yi?"

"Sun ce ta haura tan ɗaya da rabi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

"Sikelin 'yan gwangwan ne, kullum sai sun danne. Wallahi ta fi haka. Ni da na ɗanɗana." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Bayan naka fa?"

"Da sauƙi."

"Ƙarya kake. Yaushe za ka koma gida?"

Na dubi titin Sabo, masu shayi suna kunna wuta, 'yan dako suna dawowa ɗaya bayan ɗaya suna jan ƙafa.

"Da ruwan farko, Kawu, in Allah ya yarda."



"To," ya ce. "Ni ma haka na riƙa faɗa."